Faɗaɗa Waifai a Wani Babban Gida a Jos: Nazarin Lamari

Gidan da wannan nazari ya shafa yana wata unguwa a gefen hanyar Bauchi a Jos, kuma yana cikin irin gidajen da ba a gina su a lokaci guda ba, sai dai kowane zamani ya zo ya ƙara nasa. Ainihin ginin na dutse ne da siminti, bangonsa ya kai kamu guda a kauri, a nan mahaifiyar maigida take zaune. A jikinsa aka jingina bene mai hawa ɗaya na bulo wanda aka zuba wa dekin, inda maigida da iyalinsa suke. Can baya, idan an wuce tsakar gida da rijiya, akwai sashen samari mai rufin kwano, sannan a bakin titi akwai zaure da shagon kayan masarufi. Maigidan yana harkar dankalin Turawa da kayan gwari a Farin Gada, kuma yawancin cinikinsa da masu saye daga Kudu ta WhatsApp yake yinsa, da hoto da bidiyon kaya.

A farkon damina aka kira ni. Na tarar da farantin intanet na tauraron ɗan'adam a kan bene da na'urorin waifai har shida a warwatse cikin gida, amma babu sashen da ba ya kuka. Babbar 'yar gidan, ɗaliba a jami'a, laccar bidiyo tana yanke mata. Hajiya, mahaifiyar maigida, ba ta iya gama gaisawa da 'yarta da ke aure a ƙasar waje ba tare da hoton ya tsaya cak ba. Kyamarorin tsaro na bakin ƙofa sukan ɓace daga manhaja. Samari kuwa ƙorafinsu ya bambanta da na kowa: alamar waifai a wayoyinsu a cike take fal, amma ko saƙon murya ba ya tafiya. Wannan ƙorafin na ƙarshe shi ne ya fi nuna inda ciwon yake.

Yadda aka kai ga na'urori shida

Da can gidan yana amfani da ƙaramar rauta mai sim, wato na'urar da ke karɓar intanet ta watsa shi a gida ta waifai. Bayan Starlink, kamfanin intanet na tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko da ya shiga a Afirka, sai maigida ya sayi farantin, aka ajiye rautarsa a falon sama. Da aka ga ba ta kai ƙasa, sai aka sayo na'urorin mesh guda uku, wato masu haɗa kai su watsa waifai ɗaya a duk gida, uwa ɗaya da rassa biyu, masu WiFi 5 da zangon rediyo biyu, na gigahaz 2.4 da na 5. Aka haɗa uwar da rautar farantin, aka sa reshe ɗaya a falon ƙasa cikin durowar talabijin, ɗaya kuma a ɗakin Hajiya. Daga baya aka ƙara rifita biyu, wato masu kama sigina su maimaita ta, irin ƙananan nan da ake sokawa a soket, ɗaya a tagar kicin, ɗaya a sashen samari. Ƙa'idar da aka bi a kowane mataki guda ce: wanda ya yi ƙorafi, a ɗakinsa ake dasa sabuwar na'ura.

Binciken

Gwaji na farko shi ne na tushe. Mun haɗa kwamfuta da rautar farantin kai tsaye ta kebul, muka gwada gudu da safe, da yamma, da kuma bayan isha'i lokacin da jama'a suka fi hawa, kuma a kowane lokaci abin da ke shigowa ya haura megabit 100 a daƙiƙa. Mutanen gidan sun daɗe suna ɗora wa kamfanin laifi, har maigida ya fara shawarar komawa sim, alhali kayan suna isowa bakin ƙofa lafiya; a cikin gida suke salwanta.

Daga nan muka zagaya ɗaki ɗaki da manhajar auna ƙarfin sigina. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne dBm, lambobinsa kuma na ƙasa da sifili ne, don haka -50 ya fi -70 ƙarfi nesa ba kusa ba, tunda kowane ragin 10 yana nufin ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Masu wannan sana'a sukan ɗauki -67 a matsayin iyakar da kiran murya da na bidiyo ke tafiya ba gargada, idan kuma aka gangara -80 to sai dai a yi ta haƙuri. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne, wannan awo bai tsaya tsakanin wayar hannu da na'urar da ke kusa da ita ba. Kowane reshe shi ma yana da tasa hanyar komawa ga uwa, kuma idan wannan hanyar ta lalace, wayar hannu ba za ta nuna ba, domin ita abin da take aunawa kawai shi ne kusancinta da reshen. Abin da ya faru da samari ke nan: rifitarsu tana bisa kansu, siginarta cike, amma ita kanta da ƙyar take jin ta kicin.

Da muka zana hanyar da saƙo ke bi daga sashen samari, sai ga jerin gwano: daga waya zuwa rifitar samari, zuwa rifitar kicin, zuwa reshen ɗakin Hajiya, zuwa reshen falon ƙasa, sannan uwa a sama. Na'urar waifai ba ta iya karɓa da aikawa a lokaci guda a kan layi ɗaya. Aikinta kamar na tafinta ne a wurin wa'azi, sai malam ya yi shiru sannan ya maimaita, don haka karatun rabin sa'a yakan cinye sa'a guda. A ƙiyasi, kowace na'urar da ke maimaitawa da rediyon da take saurare da shi tana cin kusan rabin gudun, kuma a nan masu maimaitawar huɗu ne, wato abin da zai isa baya bai wuce kashi ɗaya cikin 16 ba, tun kafin a yi lissafin bango.

Bangon kuwa ba ƙaramin ɓarna yake yi ba. Zangon gigahaz 5 ya fi gudu, amma ya fi saurin mutuwa idan ya haɗu da kankare, balle dekin mai cike da rodi ko dutsen Jos. Zangon 2.4 ya fi ratsa gini, sai dai ƙunci gare shi: layuka uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, na 1 da na 6 da na 11, kuma a unguwa mai cunkoso irin wannan, ƙananan rautocin maƙwabta da wayoyin da aka kunna wa hotsfot duk a nan suke turereniya. Reshen ɗakin Hajiya ya kasa riƙe zangon 5 ta cikin dutse, ya koma 2.4, kuma duk abin da ke bayansa ta wannan ƙuntatacciyar hanya yake bi. Reshen falon ƙasa kuma an kulle shi cikin durowa a bayan talabijin saboda uwargida ba ta son ganin tarkacen wayoyi, dalili mai kyau a wajen adon ɗaki, amma ya ƙara wa siginar shamaki biyu.

Akwai kuma rikicin shugabanci. Rautar farantin ba a kashe waifai ɗinta ba, tana nan tana watsa nata a gefen uwar mesh, kuma kowaccensu tana raba wa na'urori adireshi kamar ita ce mai gida. Kyamarori suna kan ɗaya, wayar maigida tana kan ɗaya, shi ya sa wani lokaci ba sa ganin juna ko da yana tsaye a gabansu.

Amma abin da ya fi kowanne tasiri, wanda kuma babu littafin umarnin da ke zuwa cikin kwali da zai faɗa maka, shi ne wutar lantarki. Inbatar gidan tana ciyar da sama ne da fitilu da soket ɗaya a ɗakin Hajiya, sauran soket na ƙasa kuwa suna kan layin kamfani. Da zarar an ɗauke wuta, reshen falon ƙasa ya mutu, na ɗakin Hajiya ya rage a kunne yana watsa sunan waifai ba tare da hanyar zuwa ko'ina ba. Idan aka tayar da janareta aka sauya layi, na'urorin sukan ɗauki mintoci kafin su farfaɗo, ba kuma a tare suke tashi ba, don haka reshen da ya riga tashi yakan kama duk wadda ya fara ji, ko da ta nesa ce, ya kuma liƙe mata har sai an sake kashe shi. Wannan ne ya sa matsalar take zuwa tana tafiya ba tsari, har mutanen gidan suka fara danganta ta da hadari.

Zaɓin da aka tattauna

Maigida ya riga ya yanke hukunci kafin mu zauna. Ya ce, "Malam, ka faɗa mini wadda ta fi kowacce a kasuwa in saya, a huta." Ɗansa ya nuna masa a waya wasu sababbi masu WiFi 7. Na ce, "Alhaji, kuɗinka ne, amma wannan dutsen bai san sabuwa da tsohuwa ba." Bayanin da na yi masa shi ne, an fara tantance na'urorin WiFi 6 a 2019, na WiFi 7 kuma a farkon 2024, kuma babban abin da 6E da 7 suka ƙaro shi ne zangon gigahaz 6, wanda ya fi na 5 ma rauni a gaban bango. Na'urori masu zango uku, waɗanda ke keɓe rediyo guda don hanyar komawa, suna magance matsalar rabin gudu, kuma a gidan da aka raba ɗakunansa da katako ko allon silin da na ba da shawararsu ba tare da jinkiri ba. A nan kuwa rediyon da aka keɓe ɗin ma dole ya ratsa dekin da dutse. Ga shi kuma yawancin wayoyin gidan ba su san zangon 6 ba.

An kawo maganar na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayar lantarkin gida. Ba mu daɗe a kanta ba, domin a gidan da wani sashe ke kan inbata, wani kan layin kamfani, ga makunnin sauya layi a tsakani, siginar ba ta da hanyar da za ta bi ta tabbata.

Saura kebul. Abin da ke hana mutane shi ne fasa bango da ƙura da muni, kuma damuwa ce ta gaskiya. Amma idan aka ba kowane reshe kebul ɗinsa zuwa uwa, jerin gwanon ya rushe gaba ɗaya, rediyon kowane reshe ya koma yi wa wayoyi hidima kaɗai, kuma bango ya daina shiga tsakanin na'ura da na'ura. Abin da ya karya ƙwarin gardamar maigida shi ne jin cewa kebul ɗin zai iya ɗaukar wuta ma, ta yadda duk rassan za su koma cin wutar inbata daga wuri guda.

Aikin

Mun yi amfani da kebul ɗin intanet na Cat6. Iyakar tsawon layi guda mita 100 ce, kuma babu layin da ya kusanci haka a gidan. Inda ake faɗawa rami shi ne wajen saye. A shagunan kayan kwamfuta, a Jos ko a wani gari, akwai kwalin mita 305 da aka rubuta wa Cat6 amma cikinsa alminiyam ne da aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma arharsa ce ke jan mutane. Gane shi ba wuya: a feɗe silin waya ɗaya a kankare shi da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, to a mayar. Irin wannan yana saurin karyewa a wurin matse kai, kuma idan aka ɗora masa wuta yana zafi yana zubar da ita a hanya, don haka bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan.

A sama, kusa da inbata, aka kafa suwic, wato akwatin da duk kebul ɗin ke haɗuwa a jikinsa, mai PoE, tsarin da ke tura wuta ta cikin kebul ɗin intanet. Tsohon mizaninsa yana ba da wat 15.4 a kowane rami, wanda ya biyo baya kuma wat 30, kuma ko na farkon ya ishi na'urar da ba ta wuce wat 10 ko makamancin haka ba. Na'urorin mesh na gida galibi ba sa karɓar wuta ta kebul kai tsaye, sai aka sa wa kowacce ƙaramar na'urar rabawa wadda ke ware wutar ta sauke ta zuwa ƙarfin da na'urar ke buƙata. Wajibi ne a duba abin da aka rubuta a jikin cajarta kafin a saya. Duk layukan cikin silin an zura su a bututun roba saboda ɓeraye, kuma ba a haɗa su bututu ɗaya da wayar lantarki ba. Da aka kunna, layin falon ƙasa ya tsaya a megabit 100 maimakon 1,000. Dalilin sananne ne: gigabit yana buƙatar dukkan silli takwas na cikin kebul, alhali megabit 100 huɗu suke isarsa, saboda haka silli ɗaya da bai zauna daidai a kai ba yana iya sauko da layin ba tare da ya yanke shi ba. Aka yanke kan aka matsa sabo, ya hau.

Ɗakin Hajiya ya zo da nasa sharaɗin. Da ta ga injin huda bango sai ta ce, "Ɗan nan, wannan ginin marigayi ne ya tsaya a kansa da kansa, ba za a huda mini shi ba." Ba a huda ba. Akwai wata tsohuwar kafar iska a can saman bango, ƙarƙashin rufi, mai ragar ƙarfe da ta yi tsatsa, ta nan aka shigar da kebul. Reshen kuma aka fitar da shi daga bayan gadonta aka ɗaga shi sama a ɗan lungun da ƙofofin ɗakunan biyu ke kallo, domin a ginin dutse ta ƙofa sigina ke shiga.

Sashen samari ne ya fi buƙatar tunani, saboda sai an ƙetare tsakar gida. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya yi damina a garin ya san irin tsawar da ake yi daga Afrilu zuwa Oktoba. Kebul na jan ƙarfe da aka miƙa tsakanin gine-gine biyu, kowanne da nasa atin, wato wayar da ke saukar da wuta cikin ƙasa, hanya ce buɗaɗɗiya ga wutar tsawa, kuma ba sai aradu ta faɗo a kansa ba. Faɗuwarta a kusa ma tana iya cusa masa ƙarfin da zai ƙona suwic da duk abin da ke jikinsa. Ana iya rage haɗarin da na'urorin kariya a kowane ƙarshe idan atin ɗin yana da kyau, amma mun zaɓi faiba, domin zaren gilashi ne, ba ya ɗaukar wuta sam. Aka sayo wanda aka riga aka sa wa kawuna, aka binne shi cikin bututu, aka sa na'urar juya sigina a kowane gefe. Kuɗin da aka biya a kan wannan zaɓi shi ne faiba ba ta kai wuta, don haka sashen samari ya sami ƙaramin batirin rauta nasa.

Game da na'urorin kansu, an gano cewa ramukan kebul na tsofaffin ukun megabit 100 ne iyakarsu, wanda zai shaƙe uwa. Saboda haka aka sayi sababbi biyu masu WiFi 6 da ramukan gigabit, ɗaya ta zama uwa, ɗaya ta sauka falon ƙasa a kan bango, da kuma ta waje guda mai jure ruwa da aka kafa a gaban bene don zaure da shago da kyamarori. Duk daga kamfanin tsofaffin aka saya, da gangan. Na'urorin mesh irin su Deco da Orbi da Eero da Nest kowanne da irin yarensa, kuma ko da yake an fito da mizanin EasyMesh a 2018 don na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna, ba abin da mutum zai dogara da shi ba ne sai ya gwada da hannunsa. Tsofaffi biyu suka koma sashen Hajiya da na samari, inda megabit 100 ya wadatar, ta ukun aka ajiye ta don ko-ta-kwana. Rifita biyun aka cire su. Masu watsa waifai a gidan suka koma biyar daga shida.

Saitin bai ɗauki lokaci ba, in ban da cikas ɗaya: asusun manhajar da ke sarrafa na'urorin yana wayar wani ɗan gidan da ya tafi bautar ƙasa, sai da aka goge komai aka buɗe sabo da sunan maigida. An kashe aikin rauta a na'urar farantin aka bar uwar mesh ita kaɗai tana raba adireshi. An riƙe tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri don kyamarori da talabijin su hau da kansu. An bar tsarin tsaron waifai a haɗe, tsohon WPA2 da sabon WPA3, saboda tsofaffin wayoyi, an kuma kashe saitin saurin sauya reshe bayan an ga tsohuwar talabijin tana faɗowa da shi. Maganar maƙwabta ma ta taso, domin kalmar sirrin ta riga ta zagaya rabin layin, kuma maigida ya ce shi ba zai iya kallon idon maƙwabci ya hana shi ba. Aka buɗe musu waifai na baƙi, wanda ke ba da intanet amma ba ya barin mai shi ya ga kyamarori ko wata na'urar gida, bisa shirin sauya kalmar sirrin cikin gida sannu a hankali.

Sakamako da abin da ya rage

Bayan aikin, babu ɗakin kwana ko falo da siginarsa ta gaza -67, kuma gudun da ake samu a sashen samari ya kusanci iyakar ramin na'urarsu. Ɗauke wuta ya daina yanke kira. Abubuwa biyu ba su canza ba, kuma an gaya wa mutanen gidan tun farko. Idan aka tsuge da ruwa mai ƙarfi, intanet na tauraron ɗan'adam yakan yi rauni ko ya yanke na ɗan lokaci, wannan kuwa ba daga cikin gida yake ba. Sannan wasu tsofaffin wayoyi suna liƙe wa reshen da suka fara kamawa ko da mai su ya koma wani sashe, domin wayar ce ke yanke shawarar sauyawa, reshe shawara kawai yake iya ba ta.

Sabuwar matsalar da gyaran ya haifar ta batir ce. Irin farantin da ke gidan yana cin wat 50 zuwa 75, idan aka haɗa da suwic da na'urori huɗu da suka koma kan inbata, jimillar ta haura wat 100 dare da rana. A daren da babu wuta na sa'o'i goma, wannan ya fi kilowat-awa ɗaya, kusan duk abin da ya kamata a zuƙa daga batir guda mai bolt 12 da amfiya-awa 200, tunda irin batirin darma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi. Batiran gidan sun tsufa, suka fara mutuwa kafin asuba, fitilu da komai. Maigida ya ce maganar sababbin batira sai bayan an cire dankali. Kafin nan an saita farantin ya riƙa barci daga ƙarfe goma sha biyun dare zuwa kiran sallar farko, kyamarori suna ci gaba da naɗa a katin da ke jikinsu. Samari sun kai ƙara wajen Hajiya a kan a ɗaga lokacin zuwa ƙarfe biyu, ta ce su je su kwanta.